Zanen da Ka Bari a Jikin Delko

Gaya, ranar Laraba bayan la'asar.

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya yalwata maka makwancinka, Ya sa kana cikin rahama. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba, babu motar da ke lodi zuwa inda kake. Ko da kana raye ma ba karanta ta za ka yi ba. Juya ta za ka yi sama da ƙasa, ka ce wannan rubutun lekol, na 'yan boko, sai ka ce sawun kaji, sannan ka goge baƙin mai da ita. Amma ba ni da wanda zan gaya wa, gara in ɗauki alƙalami.

Baba, tsoro nake ji. Gobe da safe ana nemana a ofishin jandarma saboda Barewa, motar depite, ɗan majalisarmu. Injinta ya ƙone a hanyar Yamai da depite a cikinta, kuma hannuna ne na ƙarshe da aka sani ya taɓa ta a garaji.

Bari in fara da gida, kada ka ce na shigo maka ba sallama. Inna lafiyarta ƙalau, sai gwiwar nan da ka sani. Ƙanwata Rabi ta sauka, namiji, an sa masa sunanka, har Inna ta daina iya kiran jikanta sai dai ta ce Maigida. Yana da goshinka, kuma idan ya ɓata rai kowa sai ya kama kansa. Kogi ya hau bana ya cinye mana gefen gonar shinkafa ta Tanda, amma abin da ya bari ya yi kyau. Akuyarka mai cin tsumman garaji tana nan da ranta, makon jiya ta haɗiye mini rabin igiyar taya. Matata Hadiza tana da ciki, ya tsufa. Ban gaya mata komai ba tukuna, na ce ta je gidansu ta wuni.

Garin ne ba yadda ka bar shi ba. Ba da jimawa da rasuwarka ba aka samu saɓani da Dahome aka rufe gadar da ke tsakaninmu da su. Manyan motocin da ke jeruwa daga bakin duwan, ofishin kwastan, har ƙofar garajinmu duk sun watse, wasu sun koma hanyar Kamba, wasu suna kan duwatsu babu tayoyi. Ga kuma maganar jam'iyyar adawa. Ƙanenka Kawu Sani ya tsallaka Nijeriya tun da aka fara kama mutanensu, kuma tun ranar gidanmu ya zama gidan da ake nunawa da baki. Ka tuna Buhari tela, mai yi maka ɗinkin Sallah? An zo an tafi da shi yana tsakiyar yanka yadi, wai an ga wani baƙo ya kwana a shagonsa. Har yau kekensa yana nan da yadin a kai, matarsa ta hana a taɓa. Ba wanda ya san inda yake, ba kuma wanda ke tambaya da ƙarfi.

A cikin wannan hali aka kawo mini Barewa.

Ka san ta fiye da kowa. Tun tana hannun Baturen nan mai sayen gyaɗa, kafin ya sayar wa depite ya koma ƙasarsu, ba wanda ke buɗe mata murfi sai kai. Ja, mai dogon hanci, ga karbirata biyu masu ba inji mai, idan ta tashi daga kasuwa sai a ji ta a bakin kogi. Kai ka ce ba mota ba ce, amarya ce, abin da babbar mota za ta haɗiye ta yi shiru ita sai ta yi yaji a kansa.

Ka tuna yadda kake daidaita mata wuta? Ni ban manta ko ɗaya ba. A juya inji da manibel, ƙarfen nan na hannu, a hankali har tsagar da ke jikin fuli, wilin gaban inji, ta zo daidai da tsinken ƙarfe. Ka buɗe kan delko, wanda kake ce wa uwar rabo don shi ke raba wa buji, wato fulogi, wuta, ka yago takardar naɗin taba ka saƙala ta a bakin falatin, 'yan ƙarafan nan biyu masu buɗewa da rufewa. Ka sassauta bulon, notin da ke riƙe da delko, ka riƙe takardar da yatsu biyu, ka dinga murza delko kaɗan-kaɗan, idonka a rufe, har ka ji falatin ya sake ta. Nan ne wuta ke tashi. Amma ba ka taɓa tsayawa nan ba. Sai ka hau tudun hanyar Doso a babbar bitesi, wato giyar ƙarshe, ka taka ta, ka karkata kai kana saurare. In ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ka tsaya ka mayar da delko baya ɗan kaɗan, ka sake hawa. Ka ce wuta in ta yi gaggawa tana dukan fistan a ka tun bai gama hawowa ba, in ta makara kuma mota ta koma jaki.

Wai duk ba ni kake koya wa ba. Ni ɗan fari ne, ko sunana ba ka kamawa, balle ka zaunar da ni ka ce ga yadda ake yi. Motar kake yi wa bayani, ko Baba Hamani direbanta, amma da ƙarfi, yadda duk inda nake a garajin zan ji. Na daɗe ina jin haushin haka, Baba. Sai da na girma na gane Baba Hamani ba ya buƙatar sanin mene ne fistan, kuma mota ba ta da kunne. Ban taɓa ce maka na gane ba. Ban taɓa ce maka na gode ba. Mu biyu mun yi shekaru a rumfa ɗaya muna miƙa wa juna kile, wato sifana, ba tare da mun haɗa ido ba, kuma ni a lokacin gani nake akwai sauran lokaci.

Ranar da ka samu inda wutarta ta zauna daram, ka ɗauki magagari ka ja zane ɗaya daga gindin delko zuwa farantin da yake zaune a kai. Ka kira Baba Hamani ka nuna masa. Ka ce ya duba da kyau, muddin zanen sama yana kan na ƙasa to motarsa lafiya take, ranar da ya ga sun rabu to wani ya sa mata hannu, ya mayar da su, kada ya saurari kowa. Na san dalilinka. Makanikan tasha ne kake gudu, masu murza duk abin da ya murzu. Amma ka san abokinka. Abin da ka faɗa masa sau ɗaya ya zama karatu. Yanzu duk garin nan an san zanenka, zanen Maigaraji ake ce masa. Tun da ka rasu, duk safiya sai ya goge wurin da gefen rawaninsa ya yi maka addu'a, har direbobi suna tsokanarsa wai ya mayar da delko kushewa.

Abin da ba ka gaya masa ba, don ba ka zaci za a zo nan ba, shi ne da wane mai ka ja zanen. Da man Kwatano ta Dahome ka ja shi, mai kyau, mai haƙuri, wanda ke jiran wuta ta zo. Wannan man ya tafi tare da gada. Yanzu abin da muke samu shi ne na garwa da ake shigowa da shi ta daji a bayan jakuna, kuma kafin ya iso Gaya ya bi hannu da yawa, kowane hannu ya ƙara masa kananzir. Ko a tafin hannu ka zuba za ka ga ya ƙi bushewa. Manyan motoci suna sha suna tari suna tafiya. Barewa ba za ta iya ba.

Shekaranjiya Baba Hamani ya kawo ta, ya ce depite zai tafi Yamai taro, a duba ta. Na canza buji, na goge falatin, na wanke karbirata. Na sa takardar taba yadda kake yi, ta saki daidai kan zanenka, ko gashi bai kauce ba. Wallahi sai da na ji daɗi, kamar ka dafa ni. Sannan muka hau tudu, ni ina tuƙi, shi yana gefe. Ina taka ta sai na ji tsakuwa. Ba kaɗan ba, Baba. Irin wadda kake cewa inji yana cin kansa. Na dube shi, yana ta murmushi yana buga cinya, wai ji yadda take gurnani kamar ranar da aka sauke ta daga jirgi. Ka san kunnensa ya tafi tun zamanin da yake jan manyan motoci, ƙara mai kauri kawai yake ji.

Na tsaya a gindin wata ƙirya na yi masa bayani. Na ce Baba Hamani, man ne ya canza, dole a jinkirta mata wuta, a ja delko baya daga zanen ɗan kaɗan, ko faɗin ƙwayar dawa bai kai ba. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce ubana bai shekara a ƙasa ba har na fara gyara masa aiki? Ya ce shi Hamani yana da rai ba za a taɓa abin da Maigaraji ya ɗaure ba, in ina jin na fi ka ne in faɗa. Har idonsa ya kawo ruwa. Me zan ce? Mutumin da ya ɗauki makararka, wanda har yau ba ya wuce ƙofarmu bai ajiye wa Inna kifi ba? Haka muka gangaro.

Na wuni ina juya abin. In na bar ta a kan zanenka, na san ba za ta kai Yamai ba, da wannan zafi da irin gudun da depite ke so. In ta mutu a hanya, za a ce ɗan wan Sani ne ya duba ta jiya. In na kauce wa zanen, duk wanda ya buɗe murfi ya gani, ɗan wan Sani ya murɗe motar depite. Duk inda na juya sunan Kawu yana gabana. Na tambayi kaina me za ka yi, kuma amsar ba ta da wuya. Kai kunnenka kake bi. Zanen ma ai kunnenka ne ya haife shi.

Jiya da hantsi ya kawo ta a ƙara mata iska, ya bar ta ya tafi gidan depite ɗauko akwatuna. Na sassauta bulon, na ja delko baya, na ɗaure. Na fita da ita ni kaɗai na hau tudu. Shiru, Baba. Ta rage ɗan zafin tashi, amma ta hau sumul, babu tsakuwa ko ɗaya. Na dawo na shafa ɗan baƙin mai da ƙura a kan zanen don kada ya ja ido. Wannan shafawar ita ce ta fi damuna yanzu. Mai gaskiya yana ɓoye aikinsa? Haka za su tambaye ni, kuma in ni ne su haka zan tambaya. Da ya dawo ban ce masa komai ba. Ya sa mini albarka, ya ja mota.

Sauran labarin Garba ne ya kawo mini yau da safe, Garba na Tanda mai jan motar albasa, don yana tashar Doso lokacin da suka iso. Ya ce lafiya lau ta iso, ko zafi ba ta yi ba. Depite ya shiga wajen kumandan mai mulkin yankin gaisuwa, Baba Hamani ya buɗe murfi zai duba ruwa. Da ya gama sai ya kama gefen rawani ya goge wurin nan nasa. Garba ya ce salatin da ya yi sai da tasha ta waiwayo. Ya tara mutane yana nuna musu, ku zo ku gani, an raba zanen Maigaraji. Ya ari kile, ya sassauta, ya mayar da zane kan zane, ya ɗaure tamau, ya ce alhamdu lillahi da Allah Ya nuna masa tun ba a yi nisa ba. Suka kama hanyar Yamai da tsakar rana, depite ya makara, ya ce a taka.

Sun wuce garin Birni kaɗan ta fara hayaƙi. Kafin ya tsaya inji ya cije, ƙafafun baya suka kulle, ta yi cikin daji da su. Allah Ya tsare, yashi ne. Depite ya fashe a goshi, an ce kafaɗarsa ta goce, Baba Hamani ko ƙwarzane. Kuma bai ɓoye komai ba, Baba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Da aka dawo da su Doso, a gaban Garba, da bakinsa ya gaya wa jandarmomi cewa ya tarar an murɗe delko an shafe da baƙin mai, shi ya gyara a Doso gaban shaidu, amma ashe ɓarnar ta riga ta shiga tun daga Gaya. Bai yi mini ƙarya ko ɗaya ba. Garba ya ce yana faɗa yana kuka, yana cewa yaron da ya goya.

Ka ga inda nake? Ba abin da zan musa. Na murɗa, na shafe, na yi shiru. Abin da ya rage mini kawai shi ne in tsaya gaban mutanen da za su zo daga Yamai, da Baba Hamani a zaune, in ce daga Gaya zuwa Doso a kan aikina ta tafi lafiya, daga Doso a kan zanen ubana ta ƙone. In ce zanenka ne ya kashe ta. Wa zai yarda? Wa ya taɓa jin mai yana da haƙuri ko gaggawa in ba wanda ya zauna a rumfarka ba? Babu wata mota irinta a duk ƙasar Dandi da zan ce a kawo in gwada musu a kan tudu. Mutum ɗaya ne zai saurare ni ya gyaɗa kai ya ce ai yaron ya yi daidai, ni ma da haka zan yi. Mutumin kuwa mu muka kai shi bayan gari muka rufe.

Me ya sa ba ka ja zane biyu ba? Me ya sa ba ka ce masa zanen na wannan man ne kawai ba? Ka yafe ni, ba tuhumarka nake yi ba. Tsoro ne ke sa ni neman wanda zan riƙe.

Jandarman da ya zo bayan azahar ka san shi, dogon nan da kake gyara wa keke. Ya cire hula ya gaida Inna, ya tambayi gwiwa, ya sha ruwa. Sannan ya ja ni gefe ya ce gobe da safe in zo da kaina, kada in bari a zo ɗaukata gaban mata. Bai dube ni ba da yake faɗa. Na tambaye shi ko zan dawo a ranar, sai ya tsaya gyaran madaurin takalminsa.

Garba ya ce in shiga ƙarƙashin buhunan albasa, kafin magariba ina Kamba wajen Kawu. Na yi tunani, ba zan ɓoye maka ba, har na ɗaga ƙafa. Amma in na gudu na sa hannu a kan abin da suke zato, kuma ba ni za a tambaya ba, Inna za a tambaya, da Hadiza da cikinta, da mijin Rabi. Mun ga yadda gudun mutum ɗaya ya yi mana. Na ce masa ya tafi, Allah Ya saka. Tun da motarsa ta tashi nake leƙa hanya duk lokacin da na ji ƙarar mota. Ina tuna keken Buhari da yadi a kai. Na dubi garajin nan, na ga injin da na kwance na Alhaji mai goro a shimfiɗe kan buhu, na ce shi ma haka zai zauna? Har na fara haɗa shi, sai na rufe shi na tashi.

Ɗazu na shiga gida na tarar Inna ta riga ta ji, ka san garin nan. Ba ta yi kuka ba. Tana zaune bakin ɗaki ta shimfiɗa ɗankwali, tana ɗaure mini ƙuli-ƙuli da garin rogo da ɗan sukari, ta ninke bargonka ta ɗora a kai. Ni ban ce mata zan kwana can ba. Na durƙusa na fara yi mata bayani, tiryan-tiryan, yadda na shirya zan yi gobe, maganar gada, maganar kananzir, maganar tsakuwa a kan tudu. Ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba. Sannan ta ja bakin ƙullin ta ɗaure, ta tambaye ni a hankali, ba da faɗa ba, wai me ya kai hannuna kan abin da ubana ya riga ya daidaita.

Ita ta haife ni, ta san ban taɓa cutar ko kaza ba, ta ji bayanin duka daga bakina, kuma ga abin da ta tambaya. To mutanen Yamai fa, Baba?

Zan je. Zan faɗi abin da ya faru yadda ya faru, kuma zan ambaci zanenka a gaban mutane in ce ya daina daidai. Ka yafe mini wannan tun yanzu, don ban san ko zan samu zuwa kushewarka in roƙe ka ba. Ana kiran magariba, zan je in ɗauko Hadiza in gaya mata da bakina.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka. Sai mun zo.

Ni ne ɗanka,
Isa, daga garajinka na hanyar duwan, Gaya.